'Yar Raino da Gadon Marayu: Littafin da Yaranmu Ke Jira Tun 1934

Duk wanda ya taɓa zaman makoki a Ikara ko Paki ko Hunƙuyi ya san yadda gidan rasuwa ke kasuwa biyu. Maza suna ƙofar gida a kan tabarmi suna karɓar gaisuwa, mata suna ciki, matan mamaci sun shiga takaba. Mutum ɗaya ne ke kai da kawo tsakanin ɓangarorin nan ba tare da an tambaye shi ina za shi ba, wato yarinya 'yar shekara tara ko goma mai goyo a baya. An aike ta ta kai ruwa zaure, ta dawo da kwano, ta leƙa ɗakin wannan, ta kira wancan. Ita ta ji abin da ƙanin mamaci ya raɗa wa abokinsa a gindin darbejiya game da gonar rake ta fadama. Ita ta ga wanda ya shiga turakar maigida a daren rasuwa ya fito da jakar takardu. Ranar rabon gado kuwa, ba wanda zai tuna da ita.

A Amurka irin wannan yarinya ta daɗe da zama jarumar littafi, yara miliyoyi sun koyi son karatu ta hanyar bin ta tana warware rikicin dukiyar iyali. Mu da raino ya zama mana ruwan sha, gado kuma ya zama abin da ke cika kotunanmu, ba mu ba ta wannan matsayi ba. Idan muka bi tarihin rubutunmu za mu ga cewa kayan haɗin labarin suna hannunmu tun ranar farko, kuma ɗaya daga cikin hanyoyinsa ta bi ta Makarfi.

Yadda abin ya faro a can

A shekarar 1930 wani mai kamfanin littattafan yara a Amurka, Edward Stratemeyer, ya fitar da littafin farko na wata yarinya mai bincike, Nancy Drew. Sunan littafin The Secret of the Old Clock, wadda ta rubuta shi kuma Mildred Wirt ce, duk da cewa sunan aro, Carolyn Keene, aka buga a bango. Labarin na gado ne tsantsa. Wani tsoho mai kuɗi ya mutu, wasu dangi masu haɗama sun kwashe komai, talakawan danginsa sun tashi a tutar babu. Nancy, 'yar shekara 16, ta bi sawu har ta gano cewa tsohon ya sake rubuta wata wasiyya, bayanin inda take kuma yana ɓoye a cikin wani tsohon agogo.

Bayan shekara 56, a 1986, kamfanin Scholastic ya fara buga jerin The Baby-Sitters Club na Ann M. Martin. Wata edita mai suna Jean Feiwel ce ta lura cewa 'yan mata na son labarin raino, ta nemi a rubuta littattafai huɗu kacal. Kasuwa ta buɗe, har sai da babban jerin ya kai littafi 131 zuwa ƙarshen shekarun 1990, aka sayar da kwafi fiye da miliyan 170. Taurarin labarin 'yan mata ne 'yan shekara 11 zuwa 13 a wani ƙagaggen gari, Stoneybrook, waɗanda suka kafa ƙungiyar raino. Suna haɗuwa sau uku a mako a ɗakin ɗayarsu mai wayar tarho, iyaye su kira, a tura wadda za ta zauna da yara, a biya ta. Daga 1991 aka buɗe wani reshe na labaran bincike mai littafi 36, inda 'yan rainon ke cin karo da asirin gidajen da suke shiga: tsofaffin wasiƙu, dukiyar da ta ɓace, dangin da ba sa ga maciji.

Dabarar marubutan a fili take. Mai raino tana shiga har ƙuryar gidan da ba nasu ba, manya suna magana a gabanta kamar ba ta nan, kuma ba ta da kaso a cikin abin da ake rikici a kai. Marubucin labarin bincike ba ya neman abin da ya wuce haka.

Aku mai raino, da yaron da aka bari a Kagara

A 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Talifi a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko, domin 'yan makaranta su sami abin karantawa da harshensu. Daga cikin abin da gasar ta haifar akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Gandoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Mu sake duban Shaihu Umar da idon mai neman raino. Mahaifin Umar ya rasu tun kafin a haife shi. Uwarsa, mutuniyar Fatika, ta auri Makau, wani bafaden Sarkin Kagara. Makircin fada ya sa aka kori Makau, ya yi ta tafiya har ya sami wurin zama a Makarfi, ya aika matarsa ta biyo shi. Kafin ta tafi sai ta nufi Fatika wurin iyayenta, ta bar ɗanta a hannun wata aminiyarta. A wannan ɗan tsakanin aka sace yaron. Duk abin da ya biyo baya, da bauta, da ƙetare Sahara, da yawon da uwar ta yi tana neman ɗanta har ƙarfinta ya ƙare, ya taso ne daga rana ɗaya da raino ya sami giɓi. Mutanen Makarfi suna da haƙƙin su ce garinsu ne gidan da wannan iyali suka yi niyyar haɗuwa a cikinsa, Allah bai nufa ba.

A 1937 kuma littafi na farko na Magana Jari Ce ya fito. Da yawanmu muna tuna labaran da ke ciki, mu manta da igiyar da ta ɗaure su. Sarki Abdurrahman ya daɗe ba shi da ɗa namiji, Waziri ya sa rai shi zai gaji sarauta. Da aka haifi Musa, sai burin Waziri ya rushe, ya shiga ƙulla makirci da Sarkin Sinari. Sarki ya fita yaƙi, ya bar Musa a gida, aku kuma ya ɗauki nauyin tsare shi. Kullum yaron ya yi shirin fita, sai aku ya ja shi da labari har gari ya waye. In muka cire rawani da dawaki, abin da ya rage shi ne mai raino da yaro da wani babba mai kwaɗayin gado. Littafin da ya fi kowane shahara a makarantunmu a kan wannan ginshiƙi aka gina shi, shekara 49 kafin Ann M. Martin ta ɗauki alƙalami.

Tatsuniya ma ta riga su. Frank Edgar ya buga kundi uku na tatsuniyoyin Hausa tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya fitar da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. Marainiya da kishiyar uwa, 'yar bora da 'yar mowa, duk suna nan birjik. Sai dai a tatsuniya, marainiya haƙuri take yi har wata tsohuwa ko aljani ya saka mata. A Shaihu Umar yaro kaya ne da ake ɗauka daga hannu zuwa hannu. A Magana Jari Ce aku ne mai wayo, Musa kuwa shi ake lallashi. A ko'ina yaro shi ake tsarewa ko ake cuta. Yaron da zai lura, ya haɗa wannan da wancan, ya gano gaskiyar da manya suka rufe, shi ne bai samu shiga ba.

Raino a ƙasar Zazzau

Ba don babu irin wannan yaro a zahiri ba. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a Giwa tana rubuta tarihin rayuwarta, yayin da mijinta M. G. Smith ke nazarin tattalin arzikin ƙauyukan Zazzau. Littafin ya fito a 1954 da sunan Baba of Karo. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi riƙon 'ya'yan dangi, ta aurar da su. Daga bakinta duniya ta ji yadda kunyar ɗan fari ke sa uwa ta kau da kai daga ɗanta, yadda ake yaye yaro a kai shi gidan kaka, yadda goggo ko inna ke ɗaukar ɗa ya zama nata. A wurinmu raino bai taɓa zama aikin awa biyu da ake biya ba. Zumunci ne, wani lokaci kuma nauyi ne da ake ɗora wa yarinyar da ita ma ba ta gama girma ba.

A shekarun 1970 wata mai bincike daga Amurka, Enid Schildkrout, ta yi nazarin aikin yara a cikin birnin Kano. Ta nuna cewa matan kulle da yara suke gudanar da sana'arsu. Yara ke talla, su ke sayo cefane, su ke kai saƙo da kuɗin adashi da bikin ƙawa, domin su kaɗai al'ada ta yarje wa shiga kowane gida. Namiji baligi yana tsayawa a zaure, matar aure tana tsayawa a tsakar gida, yaro kuwa ba shi da shamaki. A daidai wannan lokaci, a 1976, gwamnati ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka shiga jan yarinya tsakanin aji da tiren talla da goyon ƙani. Har gobe ba a gama wannan ja-in-ja ba a ƙauyukan Ikara da Kudan, musamman lokacin tsinkar tumatir da barkono.

Idan muka auna, 'yar rainon Ikara ta fi ta Stoneybrook sanin sirrin gida nesa ba kusa ba. Waccan sai an kira ta a waya. Tamu a gidan take kwana.

Gadonmu ba ya ɓuya a agogo

To me ya hana a kwafo labarin Nancy Drew a sa mata suna Hausa? Dokar gado ce. Labarin ɓoyayyiyar wasiyya yana aiki ne a inda doka ta ba mutum dama ya ba wanda ya so dukiyarsa, ya hana wanda ya so. A Ingila dokar wasiyya ta 1837 ta tsara yadda ake rubuta irin wannan takarda, a yawancin jihohin Amurka kuma uba na iya hana ɗansa ko sisi. Saboda haka takarda ɗaya tana iya juya komai.

A wurinmu aya ta 11 da ta 12 da ta 176 na Suratun Nisa'i sun riga sun yanke kason kowa. Almajirin da ya kai babin gado a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san tsarin: a yi wa mamaci sutura, a biya bashi, a zartar da wasiyya, sannan a raba. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji sai da yardar sauran magada. Mata suna tarayya a tumuni in akwai 'ya'ya, ko rubu'i in babu. Uwa tana da sudusi in mamaci ya bar ɗa. Namiji yana ɗaukar rabon mata biyu. An taɓa gwada ƙarfin wannan tsari a kotu. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yanke cewa Musulmi na iya raba dukiyarsa yadda ya so bisa waccan doka ta Ingila. Hukuncin ya tayar da ƙura, daga baya wasu jihohi, har da Kaduna, suka yi dokar wasiyya tasu wadda ta bar Musulmi a ƙarƙashin shari'arsa.

Ke nan tambayar wa zai ci gado ba ta da wani asiri a Ikara, kowane malamin zaure zai lissafa maka. Asirin yana wurin wata tambaya: mene ne ainihin abin da mamacin ya bari? A nan ne ake kuka. Shekaru aru-aru gidajenmu a kan gandu suke, uba da 'ya'ya da ƙanne suna noma gona ɗaya, kowa kuma yana da gayaunarsa. In maigida ya faɗi, sai a fara: wannan fadamar ta gandu ce ko tasa ce shi kaɗai? Gonar da ke hannun maƙwabci shekara 20, aro ce, jingina ce, ko an sayar? Shanun da ke wurin Bafulatani guda nawa ne? Buhunan masarar da aka kai ajiya fa? Kuɗin raken da ɗan kasuwa ya ɗauka bashi, wa ya shaida? Dokar ƙasa ta Turawa ta 1910, da ta Jihar Arewa ta 1962, da dokar amfani da ƙasa ta 1978, duk sun zo sun tarar da gonakin ƙauye ba su da takarda, kuma mafi yawansu haka suke har yau. Iyakar gona tushen gamba ce, ko bishiyar ɗorawa, ko ƙwaƙwalwar wani tsoho. Gamba kuwa ana iya tuge ta da dare a matsar.

Fiƙihun Malikiyya ya ƙara wasu ƙulle-ƙulle da marubuci zai so. In mamaci ya bar mace da ciki, ana dakatar da rabo sai ta haihu, domin jinjirin na iya canza lissafin kowa. Jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa ba ya gado in akwai baffansa a raye, sai in kakan ya yi masa wasiyya, matsalar da ta sa Masar ta yi dokar wasiyya ta dole a 1946. Agola ba ya gadon mijin uwarsa. 'Yar riƙo, wadda ta goyi duk yaran gidan, ba ta da ko ƙwayar hatsi ta dalilin riƙon. Sannan shaidar yara ba ta karɓuwa a sha'anin dukiya. An karɓe ta ne kawai a tsakaninsu kan rauni ko kisa, kafin su watse ko wani babba ya shiga tsakaninsu. Wato yarinyar da ta ga komai ba za ta iya tsayawa gaban alƙali ta faɗa ba. Dole ta nemo babban da zai yarda da ita, ko takardar ajami da ke cikin gafakar malam, ko dattijon da aka yi jinginar a gabansa. Ga labari nan a kwance, ba sai an aro agogon kowa ba.

Bayan Imam, wa ya tuna da yara?

An kafa kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, hukumar NORLA ta yi aikin yaƙi da jahilci da buga littattafai a shekarun 1950, kamfanin NNPC ya biyo baya a 1966. A wannan zango an yi wa yara 'yan abubuwa masu kyau. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya ba su jarumi, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, a 1969, ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya. Amma kasuwar littafin yara a hannun manhajar makaranta take. Abin da hukumar jarrabawa ta zaɓa shi ake bugawa, shi ake maimaitawa. Yaron da ya iya Turanci sai ya koma wa Enid Blyton, ko The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, ko jerin Pacesetters da Macmillan ta fara a 1977.

Daga tsakiyar shekarun 1980 adabin kasuwar Kano ya ɓalle, marubuta suka riƙa buga littattafansu da kuɗinsu. A nan rikicin cikin gida ya sami bakin magana. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, a 1990, ya nuna matar da miji ya kora da 'ya'ya tara, da yadda ta tsaya da ƙafarta. Baffa mai cinye dukiyar marayu da kishiya mai ɓoye takardun gida sun zama sanannun fuskoki a littafi da fim ɗin Kannywood. Sai dai masu sayen waɗannan littattafai 'yan mata ne da matan aure, labarin kuma yakan ƙare a kan aure. Yanzu rubutun ya koma WhatsApp da Wattpad, gasar Hikayata ta BBC Hausa tana fito da sababbin marubuta mata tun 2016, amma ɗan shekara goma da ya karɓi wayar uwarsa da wuya ya tarar da labarin da aka rubuta dominsa. Abin da zai tarar na manya ne, wani ma bai kamata ya gani ba.

Wani zai ce bai dace a sa yara cikin maganar gado ba, tarbiyyarmu ta hana yaro tsoma baki a zancen manya. Gaskiya ne, kuma ba ma son littafin da zai koya wa yaro laɓe ko raina baffansa. Amma yaran nan suna cikin maganar tun kafin mu sa su. Su ake cirewa daga makaranta in gona ta salwanta. Su ake rarrabawa gidajen dangi bayan arba'in. Yarinyar da ta karanta a labari cewa tana da kaso a fadamar ubanta, cewa bashi ana rubuta shi a kafa shaidu kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni, cewa Alƙur'ani ya yi kashedi mai tsanani kan cin dukiyar maraya, ba za a ba ta buhun masara biyu a ce ta yafe gona ba tare da ta san abin da ta yafe ba. Yaron da ya karanta shi kuma wata rana shi ne baffan.

East da Imam sun yi aikinsu ne da injin buga takarda a Zariya da 'yan makarantu ƙalilan. Mu yau kowane malamin firamare a Ikara da kowace ɗalibar kwalejin kiwon lafiya ta Makarfi na riƙe da abin bugawa da rabawa a tafin hannu. Wanda zai rubuta wannan littafi ba ya bukatar tafiya nesa neman jaruma. In ya je gaisuwar rasuwa ta gaba, ya dubi wadda ta kawo masa ruwa a zaure, ya tambayi sunanta.